Tsohon Injin Yankan Ciyawa: A Kwance a Gyara ko a Miƙa wa 'Yan Gwangwan?

A ƙasashen da ake shuka ciyawa a ƙofar gida don ado, irin su Amurka da Ingila, da zarar sanyi ya wuce ciyawa ta fara tsiro sai a riƙa ganin tsofaffin injunan yankan ciyawa a bakin titi suna jiran motar shara. Mai inji ya ja igiya har kafaɗarsa ta gaji, inji ya ƙi tashi, ya tambayi kuɗin gyara ya ji ya kusa kuɗin sabo, sai ya haƙura ya fitar da shi. A nan ne kuma wasu suke samun abin yi. Su ɗauke shi su kai gida, su kwance shi ɗaiɗai, su wanke, su auna, su mayar, har inji mai shekara arba'in ya dawo yana ruri.

Shin wannan aiki ya cancanci wahalarsa? Wane inji ne yake gyaruwa, wane ne kuma ya mutu murus? Maganar ba ta tsaya ga masu ciyawar ado ba, domin ɗan injin da ke kan wannan keken yanka ɗan gida ɗaya ne da injin ban ruwa na fadama, da injin markaɗe, da janareta mai cin fetur zalla. Fistin ɗaya, fulogi ɗaya, bawul biyu, iska ce ke sanyaya shi. Wanda ya fahimci ɗaya ya kama hanyar fahimtar sauran.

Asalin injin

Edwin Budding, wani injiniya daga yankin Stroud a Ingila, shi ya ƙirƙiro na'urar yankan ciyawa a 1830. Ya ɗauko dabarar ne daga injin da masaƙu ke aske gashin tufa da shi. Tasa ta turawa ce da hannu, babu fetur. Abin da ya kai na'urar gidajen talakawa ya faru ne a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sabbin unguwanni suka bazu a bayan gari, kowane gida da filin ciyawarsa. Kamfanin Briggs & Stratton, wanda aka kafa a birnin Milwaukee a 1908, ya fito da ɗan inji mara nauyi na alminiyom a 1953, kuma shi ne ya cika kasuwa shekara da shekaru. Babban abokin gasarsa shi ne Tecumseh, wanda ya daina ƙera injuna a 2008. Honda ta Japan ta shigo da jerin injunanta na GX a 1983, waɗanda daga baya masana'antun Sin suka kwaikwaya suka watsa ko'ina a duniya.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai gyara, domin shi ke faɗa masa ko zai sami kayan canji. A jikin murfin tsohon Briggs akwai lambobi kashi uku da aka buga a ƙarfe. Kashin farko yana nuna samfurin injin da girmansa, na ƙarshe kuma ranar da aka ƙera shi: lambobi biyun farko shekara, biyu na biye wata, biyu na bayansu rana. Injin da lambarsa ta fara da 780612, misali, an ƙera shi ranar 12 ga Yuni, 1978. Da waɗannan lambobi ake nemo gasket da ringi da suka yi daidai. Wanda ya kankare su da samfefa garin fenti ya jawo wa kansa lalube a duhu.

Abu uku da inji ke buƙata

Duk waɗannan injuna suna tafiya ne a kan tsarin bugu huɗu da Bajamushe Nikolaus Otto ya daidaita a 1876. Fistin ya sauka ya zuƙo fetur gauraye da iska, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama wuta su tunkuɗa fistin, sannan ya sake hawa ya koro hayaƙi. Ke nan inji yana bukatar mai da iska daidai gwargwado, da tartsatsi a kan lokaci, da matsi mai ƙarfi. In ya ƙi tashi, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya ɓace, kuma biyu daga cikinsu ana gyara su ba tare da an buɗe cikin inji ba.

A nan ne mafi yawan masu koyo suke ɓata aiki. Zumuɗi ya sa su ɗauki sifana su kwance komai, alhali kafireto ne kawai ya toshe. Kwance inji shi ne mataki na ƙarshe, kuma ba a kai gare shi sai bincike ya nuna babu makawa.

Ana farawa da zare wayar fulogi, domin inji mai wuƙa a ƙarƙashinsa yana iya tashi idan aka juya wuƙar da hannu, ya tafi da yatsu. Sai a zaro sandar auna baƙin mai a duba. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. In yana walƙiya da ɓarɓashin ƙarfe, wani abu yana cin wani a ciki. In yana warin fetur, kafireto yana yoyo cikin silinda. Bayan haka a kwance fulogi a karanta bakinsa: launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, baƙi busasshe yana nufin mai ya fi iska yawa, baƙi mai maiƙo kuma yana nufin baƙin mai yana haurowa ta ringi ko ta bawul. Ana gwada wuta ta hanyar mayar wa fulogi wayarsa, a jingina gindinsa da jikin inji a ja igiya a ga ko tartsatsi zai fito. Tazarar bakin fulogi a yawancinsu tana tsakanin milimita 0.7 da 0.8.

Gwajin matsi a tsohon Briggs ba ya bukatar na'ura. Ana juya faifan nan mai nauyi da ke saman inji, wato fulawil, baya da sauri da hannu. In ya je ya ci karo da matsi ya dawo da ƙarfi, ringi da bawul suna da sauran rai. In ya wuce salin-alin, akwai inda iska ke tserewa.

Kafireto, tushen yawancin matsala

Fetur ba ya son zama. In aka bar shi watanni a tanki, sassansa masu sauƙi su tashi, abin da ya rage ya zama danƙo mai launin zuma ya toshe ƙananan hudojin kafireto. A Amurka lamarin ya fi tsanani, domin yawancin fetur ɗinsu yana gauraye da kashi 10 cikin 100 na sinadarin etanol, wanda ke jawo danshi daga iska. Ruwan ya kwanta a gindin tanki ya haifar da tsatsa. Injin da aka ajiye duk tsawon sanyi da mai a cikinsa, wannan ce cutarsa.

Tsofaffin Briggs masu ƙarfin doki uku ko uku da rabi suna da kafireto da ke zaune a kan tanki kai tsaye. Tsakaninsu akwai wata 'yar roba mai laushi da ke motsi tana tsotso mai sama. Da shekaru suka ja, sai ta bushe ta ƙandare ta daina aiki. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma ta sa an jefar da injuna masu ɗimbin yawa. A canza ta, a wanke bututun tsotson mai da 'yar ragar da ke bakinsu, a ɗauraye tanki, sai inji ya tashi. Kafireto mai kwano a ƙasa, irin na Honda, ana kwance kwanon ne a fito da jet a duba shi a hasken rana. In hudar ta toshe, da silin wayar tagulla mai laushi ake buɗe ta. Allura ko basilla tana faɗaɗa hudar, daga ranar kuma inji ya shiga shan mai yana baƙin hayaƙi, ba mai iya mayar da shi daidai.

Idan wuta ce babu, shekarar inji ce ke nuna inda za a duba. Injunan Briggs na kafin 1982 suna da fuwan da kondensa a ɓoye ƙarƙashin fulawil, kuma bakin fuwan yakan yi tsatsa ko maiƙo. Daga 1982 kamfanin ya koma amfani da koyil mai suna Magnetron wanda ba ya bukatar fuwan, kuma ana iya ɗora shi a kan yawancin tsofaffin. Tsakanin ƙafafun koyil da maganaɗisun fulawil ana barin 'yar tazara kwatankwacin kaurin katin gaisuwa. Masu gyara sukan cusa katin a tsakani, su bar maganaɗisu ya jawo koyil, su ɗaure, sannan su zare katin.

Akwai kuma wani ɗan guntun alminiyom da bai kai farce ba, wanda ke riƙe fulawil da karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, a wuri guda. Da gangan aka yi shi da laushi. Idan wuƙa ta daki dutse ko kututture inji ya tsaya cak, shi ne zai karye ya kare manyan sassa. Ko ɗan tsagewa ya yi, lokacin tartsatsi ya goce, inji ya riƙa fizge igiya daga hannun mai ja. Wasu sukan maye gurbinsa da guntun ƙusa saboda ganin ƙarfe ya fi ƙarfi. Ranar da aka sake dukan dutse, fulawil ne zai tsage.

Idan kwancewa ta zama dole

Matsi ya tafi, ko inji yana ƙwanƙwasa daga ciki, ko yana fitar da shuɗin hayaƙi ba ƙaƙƙautawa, ko ya liƙe ya ƙi juyawa: waɗannan ne ke halatta buɗe ciki. Wanda ya liƙe saboda daɗewa a ajiye, ana zuba masa ɗan mai ta hudar fulogi a bar shi kwanaki, ana ɗan motsa shi gaba da baya. Ƙarfi ba ya aiki a nan, sai dai ya karya ringi.

Kafin a taɓa noti ko ɗaya, a wanke bayan inji tas, a tsiyaye fetur da baƙin mai, a ɗauki hotuna da waya, musamman na 'yan wayoyi da sifirin da ke haɗa gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, da kafireto. Hudojinsu suna da yawa, kuma bayan mako guda ba mai tuna wace waya ke shiga wace huda. Kowane rukuni na kusoshi a ba shi gwangwaninsa. A kan silindar tsohon Briggs kusoshin ba tsawonsu ɗaya ba: waɗanda ke kewaye da bawul ɗin hayaƙi sun fi tsawo, in aka musanya su kuma zaren alminiyom ya tsinke.

Fulawil yana zaune ne a kan karanshaf daram, kuma da abin jan da aka yi domin haka ake ciro shi. Dukan kan karanshaf da guduma yana murƙushe zare. Ɗaya ɓangaren karanshaf, inda wuƙa take, sai an goge tsatsarsa sumul kafin a zare murfin ƙasa, in ba haka ba tsatsar ta karce mazaunin da yake juyawa a ciki.

Da an buɗe, abin farko da ido zai nema shi ne alamomi biyu, ɗaya a kan giyar karanshaf ɗaya a kan giyar kamshaf. Su ke tsara lokacin buɗewa da rufewar bawul, kuma dole su fuskanci juna wajen mayarwa. Haƙori ɗaya aka goce, inji ba zai yi ƙarfi ba, ko ma ya ƙi tashi sam. Waɗannan injuna ba su da famfon mai. Wani ɗan cokali ne ko ƙaramar giya ke fantsama baƙin mai sama ya jiƙa komai, kuma man duka bai wuce kusan lita 0.6 ba. Shi ya sa ƙarancin mai kaɗan yake kashe su. Alamar hakan tana kan karanshaf, inda kwanrod ke kamawa: za a ga alminiyom ya narke ya shafe wurin, ko ƙarfen ya yi shuɗi saboda zafi.

Awo shi ke yanke hukunci

Ido da yatsa suna ba da labari, amma awo ne ke tabbatarwa. A sa farce a ja cikin silinda. Layin da farce ya maƙale a ciki rami ne da sabon ringi ba zai toshe ba. A cire ringi daga fistin, a tura shi cikin silinda a daidaita, a auna tazarar da ke tsakanin bakinsa biyu da fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara. In ta kusa milimita ɗaya, ya gama aiki. A girgiza bawul a mazauninsa a ji ko yana lilo. A juya karanshaf a lura da bakinsa: in yana rawa, ya lanƙwashe, kuma miƙe shi da guduma kasada ce, domin ƙarfen da ya tanƙwaru aka miƙe yana iya ɓallewa da wuƙa a jikinsa tana juyi kusan sau 3,000 a minti.

Nau'in silinda ma yana da muhimmanci. Injunan gida masu araha fistin yana gudu ne a kan alminiyom tsirara, wanda ba ya jure gurza. Na aikin ƙarfi, irin su Honda GX da Briggs masu alamar I/C, suna da hannun riga na baƙin ƙarfe a ciki, wanda ake iya gogewa ko a faɗaɗa a sa fistin mafi girma.

In sassan nan sun tsira, saura aikin haƙuri. A kankare baƙin da ya taru a kan fistin da abu mai laushi. A shafa man niƙa bawul a murza shi a mazauninsa har sai an ga zobe mai launin toka ya zagaye ba yankewa, sannan a wanke man tas, domin ko kaɗan ya rage zai ci inji. A tsohon Briggs mai bawul a gefe babu notin daidaita tazara, sai dai a ɗan rage gindin bawul da dutse, kuma abin da aka rage ba ya dawowa. A Honda GX160 abin ya fi sauƙi, akwai noti: milimita 0.15 ga bawul ɗin shiga, 0.20 ga na fita. Wajen mayarwa a shafa mai a duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, a raba bakin ringi kada su yi layi ɗaya, a sa sabon gasket, a ɗaure kusoshin kai a gicciye, kaɗan-kaɗan. Tashin farko a fili ake yi, ba a ɗaki ba, saboda hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai kisa wadda ba ta da wari. Inji mai wuƙa kuma sai da wuƙar a jiki, domin nauyin fulawil ɗinsa bai isa ba, wuƙar ce ke cike masa. Bayan awoyi kaɗan a zubar da man farko a zuba sabo.

Lissafin riba da asara

A Amurka, in za a biya makaniki ladan awoyinsa, kwance irin wannan inji bai da riba. Shi ya sa aikin ya koma hannun masu sha'awa, da tsofaffin da suka yi ritaya, da iyayen da ke koya wa 'ya'yansu kanikanci, tunda babu injin da ya fi shi sauƙin fahimta. Kasuwar ma tana juyawa. Briggs & Stratton ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2020 har aka sayar da shi. Honda ta daina ƙera injin yankan ciyawa mai fetur a Amurka a 2023. Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2021 domin kawo ƙarshen sayar da sabbin ƙananan injuna masu fetur irin waɗannan, saboda hayaƙinsu. Masu batir suna ta cin kasuwa.

Masu sukar gyaran tsohon inji suna da hujja. Tsohon samfuri mai bawul a gefe ya fi na zamani shan mai da hayaƙi. Waɗanda aka ƙera kafin 1982 ba su da birkin da dokar Amurka ta wajabta daga baya, wanda ke tsayar da wuƙa cikin daƙiƙa uku idan aka saki hannu. Masu goyon baya kuma suna cewa ƙera sabo ma yana cin ƙarfe da makamashi, kuma jefar da inji saboda roba ɗaya almubazzaranci ne. Duka biyun gaskiya ne, sai dai kowanne yana magana ne a kan inji daban.

A wajenmu lissafin ya juye. Ladan makaniki bai kai kuɗin sabon inji ba ko kusa, balle da canjin dala ya tashi. Injin yankan ciyawa kansa bai yawaita ba sai a jami'o'i da filayen wasa da manyan gidaje, amma 'yan uwansa sun cika gari da ƙauye. Tun da shirin Fadama ya bazu a farkon shekarun 1990, ɗan injin ban ruwa ya zama jarin manomin rani, kuma da yawa daga cikinsu a yau GX160 ne ko kwaikwayonsa. Kayansu ba sa wahalar samu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, sababbi da na gwanjo.

Abin da ke kashe namu ba zaman ajiya ba ne kawai. Ƙurar hunturu tana shiga silinda ta cinye ringi, musamman inda aka cire matatar iska aka yar don wai inji ya sami numfashi, alhali soson da ke cikinta wanke shi ake yi da sabulu, a shanya, a ɗan shafa mai a matse a mayar. Man bumburutu yakan zo da ruwa da datti. Na'urar da ke kashe inji idan baƙin mai ya yi ƙasa, da ta fara damun mutum sai ya ce, “Oga, cire mini wayar nan kawai,” ba da jimawa ba kuma inji ya buga. Wani ya ɗaure gwamna don ruwa ya ƙara ƙarfi, ya kai inji gudun da ba a yi shi dominsa ba. Sannan ga jabun ringi da gasket, waɗanda ke tabbatar da cewa araha ba ta ado.

Makanikanmu suna da kunne da hannu da dabarar da ba a koyo a littafi. Abin da ya fi ƙaranci a rumfuna da yawa shi ne kayan awo, da wuri mai tsabta da za a shimfiɗa sassan inji nesa da yashi. Fila geji ba shi da tsada, kuma shi ne bambancin gyaran da zai kai rani uku da wanda za a dawo da shi bayan wata guda.

Saboda haka amsar tambayar tana ga sassa uku: silinda, karanshaf, da samuwar kayan canji. In silinda ba ta yi rami ba, karanshaf yana miƙe sumul, kuma ana samun ringi da gasket na ƙwarai, tsohon inji ya cancanci a kwance shi komai muninsa a ido. In ɗaya daga cikin biyun farko ya tafi a inji mai silindar alminiyom, a cire koyil da kafireto da igiyar tayarwa a adana don wani, sauran a auna wa 'yan gwangwan. Injuna da yawa kuma ba za su kai ga wannan hukunci ba, domin da an wanke kafireto, an sa sabon fulogi, an canza baƙin mai, za su koma bakin aiki.